Yadda Ake Tsara Shafuka da Bangon Littafin Gane Gansakuka

A tsugune ake karanta littafin gane gansakuka. Mai shi yana gindin wata katanga ko a bakin rafi, gwiwa a jiƙe, madubin ƙara girma a hannun dama, littafi a hagu, wataƙila ma ana yayyafi. Abin da ya ƙura wa ido kuwa ganyensa bai wuce milimita biyu ba. Duk adon da ka ƙara wa shafi wanda bai taimaki mutumin nan ba, nauyi ka ƙara masa. Saboda haka da shi za mu riƙa auna kowane mataki, tun daga girman takarda har zuwa ɗinkin littafin.

Kafin ka buɗe kwamfuta

Kalmar gansakuka tana da faɗi a bakinmu. Koren da ke kama cikin randa gansakuka ne, haka na saman kududdufi, haka wanda ke sa santsi a bakin rijiya. Littafinka kuwa yana magana ne a kan ƙaramin tsiron nan mai ɗan kara da ganye, wanda ba ya fure, ba shi da saiwa sai 'yan zarurrukan da yake kama dutse ko ƙasa da su, kuma yake yaɗuwa ta wani gari mai kama da ƙura da ke fita daga ɗan kwanso a kan siririn tsinke. Ka ware shafuka biyu tun daga farko don raba wannan gardama da hotuna: ga ta ruwa, ga ɓamɓarokin nan mai launin toka da ke manne wa duwatsu da jikin itatuwa, ga kuma wadda muke nufi. In ba ka yi haka ba, mai karatu zai yi ta neman koren randa a littafin har ya gaji ya ajiye.

Sai ka yanke iyaka. Nau'o'in gansakuka a duniya sun kai kusan 12,000. Littafin da ƙungiyar masana gansakuka ta Biritaniya ta fitar a 2010 don ƙasashen Biritaniya da Ayilan kaɗai ya haura shafi 800. Aiki ne mai daraja, amma yawo da shi a daji sai mai ƙarfin kafaɗa. Mu ɗauki misalin da za mu yi ta lissafi da shi: littafi na yanki guda, a ce tsaunukan Jos ko na Mambila, inda sanyi da hazo suka ba wannan tsiro wurin zama, mai ɗauke da nau'i 60 da aka fi cin karo da su.

Kada ka fara tsara shafi ko ɗaya sai jerin sunaye ya kammala, rubutu ya zo hannu, kuma wani masani ya duba kowane samfuri a maikuroskop ya tabbatar da sunansa. Gansakuka da yawa ba a rarrabe su da hoto kaɗai. Suna guda da ya canja bayan an gama tsari yana iya rusa maka lambobin shafi, da fihirisa, da duk inda aka ce a duba shafi kaza.

Girma da yawan shafuka

Ni A5 nake zaɓa, wato milimita 148 a faɗi, 210 a tsawo. Yana shiga aljihun kaftani, kuma takardar maɗaba'a tana yankuwa a kansa ba tare da asara mai yawa ba. In ka ƙanƙanta fiye da haka, hotuna za su matse.

Masu ɗab'i suna buga shafuka da yawa a kan babbar takarda ɗaya su ninke, galibi shafi 16 a kowane ninki. Don haka ka sa jimillar shafukanka ta rabu da 16. A misalinmu: shafi biyu ga kowane nau'i ya ba da 120, gabatarwa 16, mabuɗin tantancewa (tambayoyin da ke kai mai karatu ga sunan tsiro) 8, ma'anar kalmomi da fihirisa 8, fararen shafuka na rubuta abin da aka gani 8. Jimilla 160, ninki goma cif.

Hotuna: a nan aikin yake

Gansakuka fuska biyu gare ta, kuma wannan ne ya raba littafinta da na tsuntsaye ko na itatuwa. Je ka gindin katangar siminti da rana ba ta dukanta sosai, ka sami wadda masana ke kira Hyophila involuta. In ta bushe, ganyenta yana nannaɗewa ciki ya ƙanƙance, launin ya dushe, ka ce ƙonannen abu ne da ya daɗe da mutuwa. Ɗiga mata ruwa ka jira. Kana kallo ganyen zai warware ya buɗe, kowane kai ya zama kamar ƙaramin tauraro, kore shar. Wanda ya zo wurin da damina da wanda ya zo da hunturu ba abu ɗaya za su gani ba, kuma su duka littafin nan za su buɗe. Ke nan kowane nau'i yana bukatar hotonsa a bushe da hotonsa a jiƙe. Ka kafa kyamara a kan ƙafafunta, ka ɗauki busasshiyar tukuna, ka fesa ruwa, ka jira ƙyallin ruwan ya lafa, sannan ka sake ɗauka ba tare da ka motsa kyamarar ba.

Bayan waɗannan biyu, kana bukatar hoton kwanson iri in akwai, domin siffarsa, ko a miƙe yake ko a sunkuye, tana cikin manyan alamomi. Sai kuma hoto daga ɗan nesa mai nuna mazauninta. Octoblepharum albidum, alal misali, ana gane ta tun daga nesa da farin-korenta a jikin kututturen kwakwar manja, Funaria hygrometrica kuma tana son wurin da wuta ta taɓa ci.

In ka matso da kyamara kusa da abu ƙarami haka, ɗan wuri kaɗan ne yake fitowa tar, sauran duk ya yi dishi-dishi. Maganinsa shi ne a ɗauki hotuna da yawa, kowanne an ɗan gusa inda idon kyamara ya tsaya, sannan a haɗe su a manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker su zama hoto guda mai kaifi daga gaba har baya. Ka yi ɗauka a inuwa ko lokacin da gari ya lumshe. Rana tsaka tana ƙone launi, ta kuma jefa baƙar inuwa tsakanin ganye.

Kowane hoto na kusa ya zo da sandar awo: ɗan gajeren layi a ƙasan hoton, an rubuta milimita 1 ko milimita 5 a kansa. Kada ka rubuta "an ƙara girma sau goma", domin da zarar ka ja hoton ka ƙara ko ka rage a shafi, maganar ta zama ƙarya. Sanda kuwa tare da hoton take girma, muddin ka haɗe su wuri ɗaya kafin ka taɓa. Hanya mai sauƙi ita ce ka ɗauki hoton rula a daidai tazarar da ka ɗauki tsiron, ka auna sandar daga nan.

Maɗaba'a tana son ɗigo 300 a kowane inci. Hoton da zai ci santimita 10 a faɗi yana bukatar fiksel kusan 1,180, wanda zai cika shafin A5 har gefe kuma kusan 1,820 a faɗi da 2,550 a tsawo. Ka roƙi masu ba ka hotuna su turo asalin fayil. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, a waya zai yi kyau, a takarda ya watse.

Uwar shafi

Yanzu ka buɗe manhajar tsara littafi: InDesign, ko Affinity, ko Scribus wadda kyauta ce. Ka gina uwar shafi guda ta shafuka biyu masu fuskantar juna, wadda duk nau'o'in 60 za su bi ba sauyi. Mai karatu zai riƙa juya shafuka da sauri yana kwatantawa, kuma idonsa yana koyon inda kowane abu yake. In taswira tana ƙasan dama a shafi na 41, to can za ta kasance a shafi na 121.

Ga yadda nake rabawa. Shafin hagu na hotuna ne: babba a sama, na jiƙaƙƙiyar, ya ci fiye da rabin shafi. A ƙasansa ƙanana biyu a jere, busasshiyar da kwanson iri. Shafin dama yana ɗauke da suna a sama, rubutu a tsakiya, zanen ganye guda da taswira a ƙasa. Ka bar tazarar milimita 16 zuwa 18 a gefen ciki saboda ɗauri yana cin wuri, da aƙalla 12 a gefen waje, inda babban yatsa zai riƙe. Duk hoton da zai kai bakin takarda ka sa ya zarce da milimita 3, abin da masu ɗab'i ke kira bilid, don kada wuƙa ta ɗan kauce a bar farin layi.

Zanen ganye da baƙin layi kada ka yar da shi don kana da hotuna masu kyau. Zane yana fitar da abin da hoto ke ɓoyewa: ko jijiyar tsakiya ta kai ƙarshen ganye ko ta tsaya a hanya, ko bakin ganyen yana da haƙora, ko yana ƙarewa da farin gashi. A nan ne dabarar Roger Tory Peterson take shigowa, Ba'amurken da ya fitar da littafin gane tsuntsaye a 1934, yana sa 'yan kibau suna nuna daidai alamar da ta raba wannan da wancan. Ka ari dabarar, amma kibiya biyu ko uku sun isa. In sun yi yawa, ido ba ya sanin wadda zai bi.

Rubutun kowane nau'i kada ya wuce kalma 150, kuma ya bi jeri ɗaya: alamar da za a fara dubawa, girma, inda take fitowa, sannan waɗanda ake rikita ta da su. Wannan na ƙarshe shi ya fi kowanne amfani, kuma shi aka fi yi wa rowar wuri. Ka rubuta bambancin a fili, ka sa lambar shafin ɗaya nau'in a nan take, domin mai hannu ɗaya a sake ba zai koma fihirisa ba.

A taswira ka sa ɗigo a wuraren da aka tabbatar an samu, kada ka shafe yanki gaba ɗaya da launi. Ka kuma rubuta a gabatarwa cewa wurin da babu ɗigo yana iya zama wurin da ba a duba ba tukuna.

Haruffa da sunaye

In da Hausa za a buga littafin, tun kafin ka ƙaunaci wani salon haruffa ka gwada shi da ɓ, ɗ, ƙ da manyansu, har da ƴ in masu karatunka na Nijar ne. Ka gwada a tsaye, a kwance, da masu kauri. Salo da yawa ba su da su, sai manhaja ta aro daga wani salon, harafin ya fito bare a tsakiyar kalma. Charis SIL, Gentium, Andika da Noto duk suna da su, kuma kyauta ne. Salo biyu sun wadatar: ɗaya na rubutu, ɗaya na kanun magana da bayanin hotuna. Girman rubutu kada ya gaza maki 9 a ma'aunin haruffa na manhaja, bayanin hoto kada ya gaza 7 da rabi, domin a inuwar kurmi za a karanta.

Sunan kimiyya ana rubuta shi da haruffa masu kwanciya, kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami: Bryum argenteum. Za ka riƙa ganin Hedw. a bayan sunaye da yawa. Taƙaitaccen sunan Johann Hedwig ne, masanin da littafinsa na 1801, wanda ya fito bayan rasuwarsa, aka ɗauka mafarin sunayen mafi yawan gansakuka. Wannan ɓangaren a tsaye ake barinsa.

Yawancin nau'o'in ba su da sunan Hausa nasu na kansu. Ba laifi a ƙirƙira, kamar a ce wa Bryum argenteum "mai azurfa" saboda ƙyallin farin da take yi. Sai dai ka sa wata alama da ke nuna marubucin ne ya raɗa sunan, kada a ɗauka gadonsa aka yi.

Jeri da mabuɗi

Masana suna son a jera bisa dangi. Ɗan koyo kuwa bai san dangi ba, siffa yake gani. Ni ina goyon bayan a raba littafin bisa abin da ido ke fara kamawa: masu tsayuwa a miƙe cunkus kamar matashi, masu rarrafe suna reshe kamar tabarma, da masu ganye a layi biyu a baje kamar gashin tsuntsu, irin su Fissidens. Kowane kashi ka ba shi tambarin launi a bakin shafi wanda ake gani ko littafin yana rufe. Ka haɗa launin da ɗan zane ko harafi, saboda akwai mutane da dama, galibi maza, da ba sa rarrabe ja da kore.

Mabuɗin tantancewa tambayoyi ne biyu-biyu, ko wannan ko wancan, har a kai ga suna. Ka sa ɗan zane kusa da kowane zaɓi. A gabatarwa kuma ka ba da rabin shafi ga yadda ake riƙe madubi mai ƙara girma sau 10, wato a manna shi kusa da ido a kawo tsiron gare shi, da yadda ake ninke takarda a yi ambulan ajiye samfuri. A leda samfuri fumfuna yake yi. Ka tunatar cewa ɗan tsagi kaɗan ake ɗiba, kuma a gandun daji irin Gashaka-Gumti sai da izinin hukuma.

Kore

Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu, tsarin da ake kira CMYK, kuma kore mai haske yana cikin launukan da tawada ba ta iya kaiwa. Na taɓa karɓar samfurin wani littafin tsirrai daga wata maɗaba'a, na tarar koren da muka sha wahalar ɗauka iri-iri duk ya koma launin miyar kuka. A littafin gansakuka wannan babbar asara ce, domin bambancin kore mai ruwan ɗorawa da kore mai duhu da mai farin toka alama ce ta ganewa. Ka tambayi maɗaba'a tsarin launin da injinsu yake bi, ka juya hotunan da kanka, ka gyara su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka biya a buga maka samfurin gwaji a kan ainihin takardar, ka fita da shi waje, ka ajiye tsiron na gaske kusa da hotonsa. Ƙananan rubutu kuma ka bar su da baƙar tawada zalla, in an haɗa huɗun gefensu yana yin inuwa.

Takarda da ɗauri

Takarda mai sulɓi marar ƙyalli, mai nauyin giram 115 zuwa 130 a kowane murabba'in mita, tana fitar da hoto ba ta kashe ido a rana. Ka sani duk takarda mai sulɓi in ta jiƙe ta bushe a rufe, shafukan suna mannewa, don haka ka rubuta wa mai karatu ya shanya littafin a buɗe. Ka nemi a ɗinke ninkunan da zare kafin a sa gam. Littafin gam zalla ba ya kwanciya a buɗe, kuma zafin cikin mota yana sassauta gam ɗin har shafuka su fara zubewa.

Bango

Bango fayil guda ne a shimfiɗe: baya a hagu, ƙashin baya a tsakiya, gaba a dama. Kaurin ƙashin baya daga takarda yake fitowa. Shafi 160 falle 80 ne. In kaurin kowane falle kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, ka sami milimita 8. Faɗin bangon ya zama 148 da 8 da 148, a ƙara 3 a kowane gefe, 310 ke nan, tsawo kuma 216. Wannan ƙiyasi ne na fara aiki. Adadin ƙarshe ka karɓe shi daga maɗaba'a, in da hali su ɗaura maka littafin farar takarda ka auna da hannunka.

A gaba hoto ɗaya ya isa. Kwaɗayin jera ƙananan hotuna tara yana kama kowa, amma daga nesa duk kore ne a cakuɗe. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne kwansunan iri a tsaye kan jajayen tsinkayensu, haske yana dukansu daga baya, bayansu kuma ya yi duhu. Mutum zai tsaya ya tambayi mene ne wannan, don bai taɓa sanin abin da yake takawa a gindin katanga haka yake ba. Ka tabbatar nau'in da ke bangon yana cikin littafin, ka kuma rubuta sunansa da shafinsa a bangon baya.

Sunan littafi ya faɗi abu da wuri kai tsaye, da manyan haruffa, a inda hoton ya yi fili. Ka rage hoton bangon ya koma kamar kan sarki, ka duba shi a waya, domin a nan mutane da yawa za su fara ganinsa. In sunan bai karantu ba, ka ƙara masa girma. Duk rubutu ya nisanci bakin yanka da aƙalla milimita 5. A ƙashin baya mai milimita 8, tsayin haruffa kada ya wuce 5. Littattafan Ingilishi suna karantuwa daga sama zuwa ƙasa a nan, na Faransanci galibi daga ƙasa zuwa sama, sai ka bi al'adar kasuwar da za ka shiga.

Bangon baya ka sa shi aiki. 'Yan layuka kan abin da littafin ya ƙunsa da wanda aka yi dominsa, sai lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, wadda tun 2007 take da alƙaluma 13, kuma a Najeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne yake bayar da ita. Zanenta na layi-layi baƙi ne a kan fari, faɗinsa kusan milimita 37, kada ka matse shi. Sai rula ta santimita 15 a tsawon gefen waje, mai tsagin milimita. Kada sifirinta ya fara daga bakin takarda, domin wuƙa tana iya cin milimita guda. Cikin bangon gaba kuma wurin taƙaitaccen mabuɗi ne mai zane, a buɗe a gani nan take.

A manna wa bangon leda. Mai ƙyalli ta fi saurin gogewa in laka ta taɓa, marar ƙyalli ta fi kyan gani amma tana nuna ƙarzuwa a kan duhun launi. A kuma zagaye kusurwoyin, don masu tsini su ne ke fara lanƙwashewa a aljihu.

Gwaji kafin a buga

Ka buga shafuka goma sha shida a injin ofis daidai girmansu, ka ninke, ka ba wanda bai taɓa ganin aikin ba tare da madubi, ku tafi gindin katanga. Kada ka ce masa komai. Ka lura da inda yatsansa ya rufe rubutu, da inda ya tsaya yana juya shafi gaba da baya, da kalmar da ya tambaye ka ma'anarta. Ka koma ka gyara waɗannan, sannan ka fitar da fayil ɗin PDF na ɗab'i, haruffa a cushe ciki, bilid da alamun yanka a jiki. Ranar da samfurin ƙarshe ya zo, kafin ka sa hannu ka bi lambobin shafi na "duba shafi kaza" ɗaya bayan ɗaya, ka duba ƙugiyar kowane ƙ da ɗ a kanun magana, sannan ka ɗora rular ƙarfe a kan rular bangon baya ka ga ko tsagin 150 ya faɗa daidai kan 150.